Gwadon da Na Rufe Hanta Mai Rai da Shi

Ranar wata Juma'a bayan an idar da salla, wani saurayi ɗan unguwarmu ta Cheetham Hill, a nan Manchester, ya tare ni a bakin ƙofa, yana riƙe da hular babur. Ya ce, "Baba Haladu, ashe ku ma delivery kuka yi shekara da shekaru? Ai sana'armu ɗaya. Sai dai namu pizza ne, in ya huce a zage mu." Abokansa suka bushe da dariya, ni ma na taya su. Amma da na koma gida maganar ta ƙi barina. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan na yamma da na yi a nan, don haka ban iya dogon bayani a tsaye ba. Shi ya sa na zauna na rubuta muku, ku samarin da kuke ganin aikin ɗaukar akwati ne daga nan a ajiye can.

Aikina shi ne tuƙa motar da ke kai sassan jikin mutum daga asibitin da mai su ya rasu zuwa asibitin da za a dasa wa wani. Ƙoda, hanta, wani lokaci zuciya. Mafi yawan tafiyata tsakanin Manchester ne da Birmingham, domin can ake dashen hanta.

Akwatin farko da na ɗauka ƙoda ce a ciki. Wanda ya koya mini aikin wani tsohon Bature ne mai suna Terry, da ya daɗe yana tuƙa motar asibiti kafin gwiwarsa ta gaza. Muka tsaya a ƙofar ɗakin tiyata, wata nas ta fito da farin akwati na roba, girmansa bai fi kular da ake saka lemo a wurin biki ba. Terry ya sa ta bayyana mini abin da ke ciki. Ta ce an wanke ƙodar da wani ruwan magani mai sanyi har jinin ya fita, an sa ta a leda, an sa ledar a wata, an ƙara wata, sannan aka binne a cikin dakakkiyar ƙanƙara. Ba a yarda naman ya taɓa ƙanƙarar ba, don sanyi ma yana ƙona tsoka. Sanyin ba ya hana ta mutuwa, jinkirta mutuwar kawai yake yi. Ƙoda tana da haƙuri, takan kai wajen yini. Hanta ba ta kai haka ba. Zuciya kuwa ba ta jiran kowa.

Na miƙa hannu ɗaya zan ɗauka. Terry ya buge hannun. Ya ce hannu biyu, kuma daga yanzu har in miƙa shi, akwatin nan ba ya barin idona. In fitsari ya kama ni a hanya, da shi zan shiga. Na ɗauka wasa yake yi. Ba wasa ba ne. Na sha yin salla a gefen hanya da akwati a gabana, na sha haɗa azahar da la'asar saboda shi.

Kuna zaton gudu ne aikin. Motar tana da shuɗiyar fitila da jiniya, amma ba a kunna su sai an ba ka izini, kuma Terry ya ce direban da ya dogara da su bai iya ba. Abin da ya koya mini shi ne ƙofofin baya. Mun yi makonni muna zagaya asibitoci ba tare da kaya ba, yana nuna mini inda ake shiga da mota, wane lif ne ke yawan maƙalewa, wane mai gadi ne sai ka gaishe shi kafin ya ɗaga shinge. Ya koya mini in taka birki tun kafin na gabana ya taka, in san hanyar da zan bi idan babbar hanya ta cushe tun ban bar gari ba. Likita zai yi aikinsa da kyau, nas ta yi nata, amma in direba ya ɓata yana neman ƙofa, duk wahalarsu ta tashi a banza.

Masu hulɗa da mu iri-iri ne. Akwai likitan da ba zai ko kalle ka ba, akwatin kawai yake gani, ban kuma taɓa jin haushinsa ba, domin na san abin da ke kansa. Akwai matan da ke tsara tafiyar ta waya, muryarsu a sanyaye kullum ko da duniya na ci da wuta. Dangin mamaci ba ma haɗuwa da su, sai dai sau ɗaya wani dattijo ya tsaya a gefen titin asibiti ya cire hularsa lokacin da nake wucewa. Wanda za a dasa wa kuwa ba ma ganinsa, ba ma sanin sunansa.

Yanzu bari in faɗi maganar gwadon. Mahaifina a Kano yana cikin masu wankan gawa na unguwarmu. Na tashi ina ganin ba a fitar da mamaci a buɗe, ko yatsa aka yanke wa mutum a asibiti sai an naɗe shi a ƙyalle kafin a binne. Da na fara ɗaukar akwatin nan sai na ji kamar na fito da mutum tsirara. Na gaya wa maiɗakina, ta buɗe adakarta ta ɗauko wani farin gwado mai kauri, saƙar hannu, da ta zo da shi daga gida. Daga ranar, duk akwatin da na ɗaure a mota sai na lulluɓe shi, in yi wa mai shi addu'a ba tare da na san ko waye ba, in kashe rediyo har mu isa. Terry ya duba ya ce ba laifi, yana ma tare rana. Shekaru na yi haka, ba abin da ya taɓa faruwa. Har na fara ganin kamar gwadon yana cikin kayan aiki.

Sai shekarar wahala ta zo. Lokacin ne gwamnati ke yanke kuɗi ta ko'ina, hukumar gari na rufe wurare, asibitoci na ƙirga komai. Kwantiragin kamfaninmu ya ƙare, aka sake ba mu shi a kan farashin da bai kai na da ba. Aka sallami tsofaffin direbobi, har da Terry. Mu da muka rage aka mayar da mu sai an kira, in ba a kira ba babu albashi. Motocin da aka gyara musamman, masu kujera a baya don ma'aikacin asibiti ya zauna kusa da kaya, aka sayar da yawancinsu. Aka bar mu da na haya, masu bango tsakanin gaba da baya da 'yar tagar gilashi a tsakiya.

Cikin wannan ƙuncin ne kuma wata na'ura ta iso, kuma har yau ban ga abin da ya ba ni mamaki kamar ta ba. Girmanta ya kai keken tura kaya na kanti, tana da tayoyi. Maimakon a sanyaya hanta, sai a ɗora ta a cikin wani rufaffen kwano, a jona mata bututu, na'urar ta riƙa tura mata jini mai ɗumi irin ɗumin jikin mutum, da iskar numfashi, da abinci. Hantar ba ta san mai ita ya rasu ba. Tana ci gaba da aikinta, tana tace jini, tana fitar da ruwan matsarmama yana ɗiga a wata 'yar kwalba. A da likita sai dai ya duba hanta da ido, ya taɓa, ya yanke shawara, kuma in yana shakka ya ƙi ta. Yanzu sai ya zauna ya ga aikinta kafin ya yanka kowa. Hantoci da yawa da a da za a yar, ta wannan hanya aka same su.

An tara mu direbobi aka nuna mana bidiyo na rabin yini, Turanci da sauri kamar ana korar mai magana. Abin da na riƙe shi ne: ka jona ta da wutar mota, ka ɗaure ta, kada ka taɓa komai. Akwai wuraren da ban gane ba. Ban tambaya ba, domin ni ne babba a ɗakin, ina jin nauyin yara su ga Baba bai gane ba. Laifina na farko ke nan.

Na'urar ba ta tafiya ita kaɗai, sai da nas ɗin da ta san ta. Wadda aka fi haɗa ni da ita Sista Rifkatu ce, 'yar Wusasa ta Zariya, Kirista, sa'ar babbar 'yata. Ranar da ta ji ni ɗan Kano ne, shi ke nan na rasa girma.

"Yau kuma Bakano aka ba ni? Allah ya sa kada ka sayar da hantar a hanya."

"Bazazzagiya, ai ko na sayar ba ke za ki iya ciniki ba. Shiga mota."

Amma in ta tsaya a gaban na'urar nan sai ta zama wata daban. Ba ta ɗaga kai, ba ta amsa gaisuwa. Tana duba kowane bututu da yatsa kamar mai tsince shinkafa.

Ranar da nake so in ba ku labari, bazara ce mai zafin da ba a saba gani a ƙasar nan ba. Muka ɗauko hanta da hantsi daga wani asibiti a arewacin Manchester za mu kai asibitin da ke Edgbaston, cikin Birmingham. Muka turo na'urar har bayan mota, muka hau da ita, na jona wuta, na ɗaure. Sista ta duba komai, ta juya allon na'urar ya fuskanci 'yar tagar don ta riƙa gani daga gaba, ta sauka ta zaga ta shiga kujerarta. Ni na tsaya zan rufe ƙofa. Bututan nan jajaye suna motsi a fili. Wasu masu shan sigari a gefe suka miƙo wuya, ɗaya ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Raina ya ɓaci. Na jawo gwadon daga ƙarƙashin kujera na shimfiɗa a saman na'urar, ya sauko ta baya da gefe. Na cusa bakinsa a ƙarƙashin igiyar ɗauri don kada ya zamo ya rufe allon.

Kun ga na bari sai da ta sauka, na kuma gyara shi yadda ba za ta gani ba. Wato zuciyata ta san da na tambaya za a hana ni. Na ce wa kaina rufewa ai ba taɓawa ba ce.

Muka hau babbar hanya. Sista ta ce, "Baba, yau a hankali, amma kada mu yi wasa. Hantar nan tana da kitse, wasu asibitoci sun ƙi ta. Namu ne kawai ya ce a kawo a gani. An kira wata mata tun da safe, tana can a gado da jakarta, ba ta ci komai ba."

"Allah ya sa rabonta ce."

"Amin. An taɓa kiranta ta koma gida ba a yi ba. Yanzu jikin ya yi nisa, ban san ko za ta iya jiran wata ba."

Mun wuce garin Stoke muka shiga wurin da ake gyaran hanya. An toshe gefen da ake tsayawa, an jera robobin nan masu ja da fari har iya ganinka, manyan motoci gaba da baya, ana tafiya kamar ana bin jana'iza. Sai na ji wata 'yar ƙara daga baya, a daƙushe, kamar waya a ƙarƙashin filo. Sista ta juya ta manna fuska a tagar.

"Tana cewa ta yi zafi. Ka kunna AC na baya?"

"Tun daga Manchester."

"To me ya same ta? Ba ta taɓa yi mini haka ba."

A take na gane. Amma ban yi magana ba. Na riƙe sitiyari ina fata ƙarar za ta daina da kanta. Mun wuce gada guda a haka, Sista tana ta latsa wayarta tana neman masu gyaran na'urar. Daga cikin duk abin da na yi a ranar, wannan shirun ne ya fi muni. Ƙarar ta sauya, ta ƙara sauri.

Na ce, "Sista, na rufe ta."

"Ka rufe ta da me?"

"Da gwado."

Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. "Baba, stop the van. Yanzu! Ta baya take shan iska!"

Babu wurin tsayawa. Na kunna shuɗiyar fitila ba tare da izinin kowa ba, na ga wata 'yar kafa tsakanin robobin na kutsa cikin wurin aikin. Leburori masu rigar rawaya suka taso suna ihu. Kafin motar ta gama tsayawa Sista ta dire. Da na zago na tarar fankar na'urar ta zuƙe gwadon ya manne a bakin ragar da take shan iska kamar an toshe wa mutum hanci. Ta fizge shi ta wurgar a kan kwalta. Ta hau, ta durƙusa a gaban allon, ta ce in rufe ƙofa sanyi ya taru. Na rufe ta a ciki. Shugaban leburorin ya iso da zaginsa, na nuna masa rubutun da ke jikin motar, ya tafi ya tsayar mana da manyan motoci don mu samu fita.

Da ta buɗe ƙofa, ƙarar ta daina. Ta ce zafin yana sauka, famfon da ke tura jinin bai tsaya ba, amma jinin ya ɗumama fiye da yadda ake so, kuma ba wanda zai iya cewa ko hantar ta ji jiki. Ta ɗaga waya.

"Sai na gaya wa likita komai, Baba. Har da sunanka."

"Gaya masa."

Ina tsaye ina ji ta faɗa, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Na tsinci gwadon, kwalta ta ɓata gefensa. Muka kama hanyar Birmingham.

Da an yi wannan kuskuren a zamanin ƙanƙara, da likita ba shi da zaɓi sai ya ƙi hantar, a sallami matar. Amma sai ya ce a bar hantar a kan na'urar a gani. In ta ci gaba da tace jini tana fitar da ruwan matsarmama, za a dasa. In ta tsaya, shi ke nan. Aka shige da ita. Ni aikina ya ƙare, ya kamata in koma Manchester, amma na kasa tada mota. Na zauna a wurin sauke kaya, na yi azahar, na yi la'asar, ina kallon ƙofa.

Rana ta yi sanyi Sista ta fito. Ba ta yi murmushi ba. Ta miƙo mini hular takarda da ledar takalmi ta ce in biyo ta. Ta kai ni bakin wani ɗaki kusa da ɗakin tiyata, ta nuna ta gilashin ƙofa.

"Duba kwalbar can ta ƙasa."

Wani ruwa ne rawaya mai duhu, yana taruwa a bakin bututu, ya yi nauyi, ya faɗo. Sai wani ya biyo shi. Ni da na yi rayuwata ina fiɗar ragon layya, ina lallaɓa matsarmama in cire in jefar don kada ta fashe ta ɓata nama, ban taɓa zaton zan tsaya ina yi wa Allah godiya a kan ruwanta ba.

"Za a dasa. An tafi ɗauko matar," in ji ta. Sai ta juyo. "Me ya sa, Baba?"

Na ba ta labarin mahaifina da wankan gawa. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Mu ma ba ma fitar da mamaci a buɗe. Da ka tambaye ni da na gane. Amma wannan ba gawa ba ce. Mara lafiya muka ɗauko. Ka taɓa ganin an ja wa mara lafiya mayafi har fuska?"

Kamfani ya cire ni daga aikin na'ura na wasu watanni, ga shi aikin akwati ya yi ƙaranci, gida ya ji a jikinsa. Ban yi ƙorafi ba. Aka sake koya mini, wannan karon na tambayi komai, har mai koyarwar ya gaji. Matar kuwa ban san sunanta ba har yau. Abin da Sista ta iya gaya mini kawai shi ne ta fita daga asibiti da ƙafarta.

Da sanyi ya shigo aka mayar da ni, aka sake haɗa mu. Muka kai wata hanta lafiya lau, ban taɓa komai ba sai igiya da wayar wuta. Amma wannan ba ta tashi ba. Aka jira, kwalbar ta ƙi jiƙewa, likita ya ce ba za ta yi ba. Dangin mai ita sun yarda a yi bincike da ita in ba ta dasu ba, don haka aka kashe na'urar, aka mayar da hantar cikin ƙanƙara, aka ce in kai ta ɗakin bincike na jami'a, can gaba kaɗan. Sista ta rako ni da akwatin har mota. Na ɗaure shi, na kama ƙofa zan rufe.

"Bakano, ina gwadon nan?"

Na ce yana ƙarƙashin kujera, tun ranar ban sake buɗe shi ba.

"Ɗauko. Wannan kam ta rasu."

Na ɗauko. Ta kama baki ɗaya, na kama ɗaya, muka lulluɓe akwatin. Ta tura gefen da kwalta ta ɓata zuwa ƙasa. Ta sunkuyar da kai ta yi tata addu'ar, na yi tawa, sannan na rufe ƙofa.